Akwatin da Na Kafa a Zaure

A shekarun da na yi ina yawo, saƙon gida a kaset yake zo mini. Ko ina Tamanrasset ko ina Abijan, wata rana sai direban babbar mota ya aiko a kira ni tasha, ya miƙo mini ƙunshin leda: kaset ɗaya, ɗan yajin daddawa, wani lokaci da cuku. A tsakar gida ake ɗaukar maganar, an kewaye rediyo, kowa ya yi gaisuwa bisa girmansa. Ina jin carar zakara a bayan muryoyin, ina jin wani yana cewa a matso kusa. Matata kuwa ba ta taɓa wuce "Ana gaida mutanen can" ba. Kafin amsata ta iso garinmu Dakoro, wanda aka ce mini yana ciwo ya warke, ko kuma an riga an yi sadakar bakwai ɗinsa. Yanzu mutum yana zaune bisa tabarmarsa sai ya ga fuskar wanda ke bayan teku, har ya ce masa ya rame.

Aikin tafinta na yi, ga fatake da farko, daga baya ga likitocin dabbobi. Da na aje aiki na dawo gidan da mahaifina ya bari, mu uku muka rage a ciki: ni, da matata Hajiya, da Yaya, babbar yayata, wadda ta dawo wurinmu bayan rasuwar mijinta. Yara duk sun watse, kowa yana inda abincinsa yake.

Babbar ɗiyarmu tana Maroko, inda mijinta ke karatu. Ɗiyar fari ce, don haka uwarta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa zama da ita hira a gaban mutane ba. Tun da aka yaye ta aka ba Yaya riƙonta, saboda Allah bai ba Yaya haihuwa ba. In Hajiya za ta ambace ta sai ta ce "ɗiyar Yaya". Ni ma da irin wannan kunyar na tashi, amma tafiye-tafiye sun goge mini mafi yawanta, ina hira da yarinyar kamar kowa.

Sai ga ta da cikin fari. A al'adarmu gida za ta dawo goyon ciki, ta haihu a gaban iyayenta, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Likita ya hana ta doguwar tafiya. Ta ba wani matafiyi salula mai hoto ya kawo wa uwarta, amma unguwarmu a kwari take, reso, wato sabis ɗin waya, ba ya sauko mana sosai. Murya takan fita in ka tsaya a ƙofar gida, hoto kuwa sai ka hau tudun bayan masallaci. Wata rana ta ce mini, "Baba, don Allah a sa wifi a gidan nan kafin lokacin ya yi."

Na san abin. Na gan shi a masaukai a Yamai, na gan shi a Jidda. A Faransa, lokacin da aka tura mu wani horo, na zauna a gidan da akwatin yake bayan tele, bangon gidan kuma ba shi da kauri, kana jin tarin maƙwabci. Duk inda na je sai dai in shigar da kod, wato lambar sirri, abu ya kama. Ban taɓa tambayar kaina ta ina yake bi ba.

Wanda ya san aikin a dangi taubashina ne, ɗan kawuna, mai shagon gyaran salula da pano na wutar rana kusa da tasha. Na girme shi nesa, ko da yake shi ma furfura ta fito masa a gemu, amma tun da shi ɗan namiji ne ni ɗan mace, bawansa yake kirana a gaban kowa. Ya zo da safe bisa babur da ɗan farin akwati, da anten, da naɗin waya a kafaɗa. Ya zaga gidan yana duban sama, yana ƙwanƙwasa bango da ɗan yatsa.

"To, bawana, a rumfar tsakar gida za mu rataye shi. Can sama."

"A zaure za a sa shi," na ce.

"Zaure? Ka ga bangon nan kuwa? Kakanka ya gina shi kamar yana jiran yaƙi. Daga nan zuwa ɗakin Hajiya irinsa uku ne."

"Na kwana a bene mai hawa goma a Jidda, har sama yana kamawa."

"Kwana ka yi, ba dubawa ka yi ba. Kowane hawa da nasa akwatin. Wannan kuwa ƙasa da ƙarfe ba ya son su."

Ban saurare shi ba, kuma ina da dalilina. A gidanmu duk abin da zai amfani jama'a a zaure yake zama: randar ruwa, buta, tabarmar baƙi. Rediyon mahaifina na farko a zaure ya tsufa, unguwa duka tana sauraro. Mutum ya kawo sabon abu ya shige da shi cikin gida, wannan rowa ce, kuma za a faɗa. Taubashina ya ɗaga kafaɗa ya ce tun da bawa ya zama mai gida, shi ke nan.

Ya hau rufin zauren ya kafa dogon ƙarfe, ya ɗaura anten ɗin yana fuskantar hasumiyar kamfanin waya da ke gabas da gari. Ya huda bango ya zuro wayar, ya sa pus, wato layin waya, a cikin akwatin, ya haɗa shi da batirin pano saboda ɗaukewar wuta. Ƴar fitila ta kama ja, ta jima tana ƙyaftawa, sannan ta koma kore. Ya zaɓa mini kod, ya rubuta a takarda, ya ce kada in ba kowa. Washegari malamin lakwal, mai koyar da boko, da ke maƙwabtaka da mu ya tambaye ni bayan sallar asuba, na ba shi. Telan unguwa ya tambaya, na ba shi. Da na gaji da laluben takardar a aljihu, sai na karɓi alli wurin malamin na rubuta kod ɗin a bangon zaure da manyan baƙaƙe.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin makonnin nan. Zauren da ya yi shekaru shiru ya cika. Daga hantsi har magariba butar shayi ba ta sauka daga gawayi. A gidajen shan gahawa na ƙasashen Larabawa na ga mutane suna zama kowa ya sunkuya kan salularsa ba mai cewa uffan. Namu ba haka ba ne. Kowa ihu yake yi a cikin tasa, kuma duk abin da ya gani sai ya zagaya da shi hannu hannu. Akwai wani tsohon abokina Buzu daga wajen Azagor, duk ranar kasuwa sai ya sauka wurina, ya zauna yana sauraron saƙon ƴan'uwansa a kan inda ruwa ya sauka da inda ciyawa ta fito. Ni kuwa ina tsakiya, ana ta sa mini albarka.

Ta cikin gida, abin ya tsaya ne daidai ƙofar zaure ta ciki, inda asabari ya raba mu da tsakar gida. Taku biyar daga nan ya mutu. Yaya takan jawo kujerarta ƴar tsugunne ta zauna a bakin asabarin, ta kira yarinyar, su yi ta hira ana ganin juna. Hajiya kuma ba ta rasa aikin da zai kawo ta kusa. Ta zauna ta juya musu baya tana tsinkar zogale, can sai ta ce, "Yaya, ko mutanen can suna samun gero?" Yarinyar ta ce, "Inna ce? Yaya, juyo mini da ita!" Sai Hajiya ta ɗauki ƙwaryarta ta yi madafa. Ina jin su ta bayan asabari ina murmushi. A wurina komai yana tafiya yadda ya kamata.

Da hantsi labarin haihuwar ya zo, mace aka samu. Mijin ya turo hoto, kuma mutanen zaure sun riga kakar jaririyar ganinsa. Na shiga da salula na nuna wa Hajiya tana sheƙar hatsi. Ta kalla sau ɗaya, ta ce Allah ya raya, ta ci gaba da aikinta.

Daga ranar sai ta ɓullo da wani sabon hali. Tun da yara suka watse, ni ke shiga in ɗauko abincin zaure da kaina. Yanzu sai ga ta ta kawo har bakin asabari, ta yi sallama ƙasa ƙasa, in taso in karɓa. Kuma ba ta juyawa nan da nan. Ta tsaya ta tambaye ni gwiwata, ta tambayi ko gishiri ya ji jiya, ta tambayi ko an ga ɗan akuyar da ya ɓata. Safe, rana, la'asar, har da kawo ruwan da ban nema ba. Shekara talatin da wani abu muna tare ban taɓa samun irin wannan kulawa ba. Na ce a raina zama kaka ya tausasa ta. Har wanzami na kira ya gyara mini gemu.

Rana ta huɗu, bayan azahar, Yaya ta aiko da muryarta daga ɗakinta: "Kai, zo nan." Ita kaɗai ta rage a duniya mai kirana haka. Na shiga na zauna a bakin gado.

"Na ga an yi aski," ta ce. "Wa ake yi wa?"

"Zafi ne, Yaya."

"Zafi. Kana tsammani gemunka take zuwa kallo? Salula ce a cikin mayafinta."

Sai ta warware mini. Hajiya takan rufe ɗakinta ta ɗauki vokal, wato saƙon murya, kamar yadda Yaya ta koya mata dannawa. Amma a ɗakin saƙon ba ya tashi. Dole ta kawo salular inda reso yake, ta tsaya har ya tafi, na yarinyar kuma ya shigo. Shi ne take ɗauko kwanon tuwo, ta tsaya tana tambayata ɗan akuya.

Na fara dariya, Yaya ta tsayar da ni da hannu.

"Ba abin dariya ba ne. Jaririyar nan ta ƙi kama nono. Yau kwana huɗu. Nonon ya cika ya yi tauri, yarinya kuka, jaririya kuka. Matan gidan likitan can sun ba ta takarda da kwalba sun sallame ta. Ta ce in gobe bai yiwu ba za ta haƙura ta bar ta a kan kwalbar. Ni ta faɗa wa, ni kuwa mi na sani? Goyo na iya, ban taɓa shayarwa ba. Uwarta ta yi bayani a vokal ya fi sau goma, amma abin nan ba na faɗi ba ne, na nunawa ne. Sai ta ga yadda take riƙe ta."

"To ta zo bakin asabari su ga juna mana."

Yaya ta dube ni kamar yadda take dubana ina ɗan shekara shida.

"Ta zo bakin asabari. Maza goma a bayan tabarma, tela yana nan, malamin lakwal yana nan, ta buɗe baki ta koya wa ɗiyarta ta fari yadda ake ba da nono. Ko a gabana ba za ta yi ba, balle nan."

"Mi ya hana ta faɗa mini?"

"Ta ce maka mi? Tana son ganin ɗiyar fari? Da bakinta? Kai da ka ƙare rayuwarka kana fassara maganar Buzaye da ta Nasara, ta matarka ce ta gagare ka."

Na sa takalmi na tafi tasha da ƙafa cikin ranar nan. Taubashina yana kan wata salula da ya farke, ya ɗago ya gan ni jiƙe da gumi.

"Bawana, lafiya? Ko benen Jidda ya rushe?"

"Tashi mu je. Ciki za a mai da shi, yau."

Ya buɗe baki zai ci gaba, sai ya dubi fuskata ya fasa. Ya ɗauko sabon naɗin waya mai tsawo, ya rufe shagon, ya goya ni a babur.

Aikin ya fi na farko wuya. Anten ɗin ya bar shi a inda yake, ya ja waya ta bisa katanga har rumfar tsakar gida. Mutanen zaure suna kallo aka cire akwatin daga bango, ba wanda ya yi tambaya tukuna. Da ya rataye shi a rumfa, sai ya ba ni salulata ya ce in zaga in riƙa faɗa masa sandar reso nawa nake gani. A madafa uku. A ɗakin Yaya uku. A ƙofar ɗakin Hajiya ma uku, na ce alhamdu lillahi.

"Shiga ka rufe ƙofar," ya ce.

Hajiya tana can gindin itacen bedi ta ba mu baya, tana wankin da na tabbata ta riga ta yi shi da safe. Na shiga ɗakinta na jawo ƙofar. Ƙofar ƙarfe ce, ni na sa aka yi mata ita da na dawo daga Abijan, ina alfahari da ita. Tana rufuwa sandunan suka ɓace gaba ɗaya. In an bar ta a buɗe abin zai yi, amma buɗaɗɗiyar ƙofa ba ta da bambanci da bakin asabari.

Taubashina ya zaga bayan ɗakin ya dawo. Ya ce akwai taga ta katako ta gefen gabas, tana kallon bangon ɗakin ajiya. In aka kafa akwatin a wannan bangon, daidai tsayin tagar, zai shiga ta katakon. Sai dai wurin ya yi nisa da zaure.

"Zaure zai samu?"

"Sanda ɗaya, mai zuwa tana tafiya. Ka zaɓa. Ko kuma ka jira in aika Maradi a kawo wani ƙaramin da zai ƙara masa ƙarfi, kwana uku ko huɗu."

"Kafa shi a can."

Ya yanke wata tsohuwar jarkar roba ya yi masa rumfa saboda rana da ruwan sama, ya buga ƙusa, ya rataye. Na sake shiga na rufe ƙofa. Sanda biyu, kuma suka tsaya cak. Da taubashina zai fita ya ratsa ta gindin bedi ya ce, "Matarmu, na gyara wa bawan nan ɓarnarsa. Ladana fura." Hajiya ba ta juyo ba, ta ce, "Ka dawo gobe da ƙwaryarka."

A zaure na tarar da kowa ya ɗaga salula sama yana juyawa. Malamin lakwal ya ce, "Alhaji, reso ya gudu."

"Bai gudu ba, cikin gida ya shiga."

Tela ya ce to ai sai a yi haƙuri, da irin muryar da ke nuna za a yi maganar a wani wuri. Abokina na Azagor yana nan ranar. Ya kurɓi shayinsa ya ce mini da Tamashek, yaren Buzaye, su a wurinsu tanti na mace ne da duk abin da ke cikinsa, namiji baƙo ne, don haka bai ga abin mamaki ba. Na sa tsumma na goge allin da ke bango.

Saura yadda za a sanar da Hajiya ba tare da an sanar da ita ba. Wannan Yaya ta ɗauka. Ta fito tsakar gida da mayafinta, ta tsaya tana magana da iska: "An ce abin nan yanzu har cikin ɗaka yake kamawa, ko an rufe ƙofa. Ni dai na tafi gaida mara lafiya, sai magariba." Ni ma na ɗaga murya na ce daga masallaci zan wuce kasuwa. Na sallami sauran mutanen zaure, na jawo ƙofar gida.

Ban je kasuwa ba. Bayan la'asar na dawo na zauna a zauren ni kaɗai. Da rana ta yi sanyi na tuna butata tana ciki, na ɗaga asabari a hankali. Tsakar gida ba kowa, wankin yana cikin ruwa yadda aka bar shi. Ƙofar ƙarfen a rufe. Ta tagar katakon na ji muryar Hajiya, ba irin wadda na sani ba, mai sauri, mai ba da umarni.

"A'a, ba haka ba. Dube ni nan. Tallabe ƙeyarta. Juyo da cikinta ya taɓa naki. Ke, kada ki kai mata, ita za ki kawo. Jira ta buɗe baki sosai. Jira. Yanzu!"

Kukan jaririyar ya ɗaga, ya sake ɗagawa, sannan ya yanke. Sai na ji Hajiya ta ce, "Yawwa. Bar ta. Kada ki motsa." Na bar butar a inda take na koma zaure, na yi alwala da ruwan randa.

Da safe yarinyar ta kira ni. Ta ce jaririya ta sha har ta yi barci da nono a baki, ta kuma sha da asuba. Ta ce da matashin kai Inna ta nuna mata, ta rungume shi kamar jariri. Tana faɗa tana dariya. "Baba, ban taɓa sanin haka Inna take da surutu ba."

Ranar suna a nan muka yanka rago, su suna kallo daga can. Jama'ar zaure ta ragu, masu zuwa don reso sun samu wani wuri, masu zuwa don shayi suna nan. Ƙaramin akwatin na Maradi ban aika a kawo shi ba har yau. A gaban mutane Hajiya ba ta canza komai ba. Amma kowace rana bayan la'asar tana shiga ɗakinta ta rufe ƙofa, kuma tun daga wannan makon ita da ɗiyarta suke magana kai tsaye, ba mai tsaya musu a tsakani.